Bindigar Maƙera ko ta Kamfani Mai Araha: Wacce Ta Dace da Maharbin Danja?

Idan kaka ta wuce a ƙasar Danja, masara da dawa sun shiga rumbu, masu fadama sun koma kan tumatir da rake, to lokacin maharba ya zo. Ciyawa ta bushe, sawu ya fito fili, zabbin daji da fakara suna sauka kala a gonakin da aka girbe. Daga Dabai zuwa Tandama da Kahutu, har bakin iyakar jihar Kaduna ta wajen Kudan, ba abin mamaki ba ne a ci karo da maharbi da sassafe, kare na biye da shi, bindiga a kafaɗa. Galibi bindigar ta maƙera ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake ce wa bindigar toka ko baushe, wasu su ce harbi-ka-ruga. Tsiraru ne ke riƙe da ta kamfani mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a zura harsashi a mayar.

Akwai kuma ta uku, wadda yawancin matasan maharba a waya suka santa, cikin bidiyon farauta na YouTube da TikTok. Ita ce bindiga mai sakata. Bayan kowane harbi maharbi ya ɗaga sakatar da hannu, ya ja ta baya ta tofar da ƙwanso, ya tura ta gaba ta ɗauko sabon harsashi ta kulle. Cikin bututunta akwai tsagi a murɗe da ke sa harsashi ya riƙa juyawa, shi ya sa take kai wa nesa ba tare da ta kauce ba. A Amurka kamfanoni sun yi rige-rigen fitar da masu araha daga cikinta: Savage Axis, sai Ruger American a 2012, Remington 783 a 2013, Mossberg Patriot a 2015, dukkansu ƙasa da dala 500 a lokacin da suka fito.

Tambayar da ta raba kan masu sana'ar ita ce: mai ƙaramin ƙarfi ya ci gaba da dogara ga bindigar maƙerin garinsu, ko ya ɗaure ya tara kuɗi ya nemi ta kamfani, ko da mafi araha ce a cikinsu? Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu goyon bayan ta maƙera

Hujjarsu ta farko aljihu ne, kuma ba sa jin kunyar faɗa. Maharbin Danja manomi ne kafin ya zama maharbi. Kuɗin da ya shigo masa da kaka akwai masu jiransa: takin zamani, kuɗin makaranta, bashin da aka ci da damina, wani lokaci aurar da 'ya. Bindigar maƙera ana iya mallakarta da kuɗin 'yan buhunan masara, kuma maƙeri ya san mutum, ya san ubansa, yana iya karɓar rabi yau ya jira cikon bayan an sayar da rake. Babu dillalin bindigar kamfani da zai yi wa mutum wannan.

Ta biyu gyara ne. Idan kunama ta saki ko ƙota ta tsage, da safe za a kai ta maƙera, kafin la'asar an karɓo. Wanda ya ƙera ta shi ne mai gyaranta. Ita kuwa ta kamfani, ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye a cikinta, sai ta koma sanda a jingine a lungun ɗaki, domin babu inda ake sayar da kayan gyaranta a Funtuwa ko Malumfashi. Haka batun abin harbi. Albarushi da dalma ana samunsu a ƙasa, kuma maharbi shi yake auna abin da zai ɗura gwargwadon abin da ya fita nema, kaɗan don tsuntsu, da ɗan yawa don abin da ya fi haka. Harsashin kamfani kuwa daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala, kuma sayensa ma sai da takarda.

Sai kuma batun gado, wanda dattawa suka fi ɗauka da nauyi. Bindigar toka ta daɗe a ƙasar Hausa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi suna da tara bindigogi da sa maƙeransa haɗa albarushi, har da zuba igwa a Zinder. Sarakunan daular Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19 suna da rundunonin 'yan bindiga, kuma har yau a hawan Sallah na Katsina da Kano da Zazzau 'yan bindiga ne ke cika fili da ƙara da hayaƙi. Masu wannan ra'ayi suna ganin duk ranar da maharba suka juya wa maƙera baya, wani sashe na ƙira zai mutu, kuma ba zai dawo ba.

Amsar masu son ta kamfani

Su kuma suna farawa ne da hannun maharbi. Duk wanda ya daɗe cikin masu farauta, in ji su, ya taɓa ganin mutumin da ya rasa yatsu ko ido saboda bindiga ta fashe masa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maƙeri ba ya narka ƙarfen bututu da kansa, abin da ya samu a kasuwar tsofaffin ƙarafa da shi yake aiki, ƙarfen da aka yi don wani aiki daban. Ba shi da na'urar da za ta nuna masa tsaga a cikin ƙarfe, ba shi da ma'aunin ƙarfin fashewar albarushi. Shi ma mai harbin da ido yake auna ɗuri. Ranar da aka ɗan zarce, ko tsatsa ta ci bututun daga ciki, ko aka manta aka ɗura sau biyu, to fuskar mai bindigar ce ta fi kusa da wurin.

Turai ta sha wannan wahalar tun da daɗewa, kuma maganin da ta samo shi ne gidan gwaji. A Liyej ta ƙasar Beljiyam an wajabta gwada bututun bindiga tun 1672, a Birmingham ta Ingila aka kafa gidan gwaji a 1813, kuma duka biyun suna aiki har yanzu. Kafin a sayar da bindiga sai an harba ta da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a duba ta, in ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Mai araha da mai tsada duk ta wannan ƙofa suke bi. A nan masu wannan ra'ayi suke kafa babbar hujjarsu: arahar kamfani daban, arahar maƙera daban.

Suna kawo misali da bindigogin nan masu sakata na Amurka. Abin da aka rage a cikinsu har suka yi sauƙi shi ne ado da aikin hannu. An sa ƙotar roba maimakon katako mai sheƙi, injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka ƙarfen maimakon gwani ya zauna yana goge shi, an rage yawan sassa. Ba a taɓa ingancin ƙarfen bututu da na makulli ba. Masu gwada bindigogi a mujallun farauta sun sha nuna cewa irin waɗannan na iya zuba harsasai a wuri ɗaya da faɗinsa bai wuce inci ɗaya da rabi ba daga nisan yadi 100, abin da a da sai mai tsada. Araha ba ta ado, sun yarda, amma maharbi ba ado ya fita nema ba.

Game da juriya kuwa, tsarin sakata ya wuce shekara ɗari ana gwada shi, tun daga Mosin ta Rasha ta 1891 da Mauser ta Jamus ta 1898. Masu sintirin arewacin Kanada, waɗanda ke aiki cikin ƙanƙara, sun riƙe Lee-Enfield tun daga 1947, ba a fara canza musu ita ba sai wajen 2018, kuma da wata mai sakatar aka canza. Bindigar da ba ta da sassa da yawa ba ta da wuraren lalacewa da yawa. Ita kuwa ta toka, raɓar asuba kaɗai na iya jiƙa albarushi ta ƙi tashi, ko ta yi jinkiri ta tashi bayan mutum ya sauke ta daga kafaɗa, wanda shi ne mafi haɗari. Kafin a sake ɗura ta kuma, abin da aka harba ya yi nisa.

Masu ta maƙera ba su yi shiru ba

Da farko suna tuna wa abokan gardamarsu cewa kamfani ma yana kuskure. A watan Afrilu na 2014 Remington ya nemi a mayar masa da bindigogi ƙirar 700 da Seven da aka yi tsakanin 2006 da 2014, saboda wata matsala a kunamarsu da ka iya sa su tashi ba a taɓa ba. Waɗannan kuwa ba ma su ne mafi arahar kamfanin ba. Masu arahar ma an san su da nasu aibu: ƙotar roba mai lanƙwasa, gidan harsashi na roba da ke karyewa, sakata mai tauri, ƙarfe mai saurin tsatsa idan ba a shafa mai ba, da madubin hangen nesa na banza da ake haɗawa da su. Ba'amurke idan tasa ta samu matsala waya zai buga a aiko masa da sabon sashe. Mutumin Kahutu wa zai kira?

Sai lissafi. Abin da ake kira araha a Amurka ba araha ba ne a nan. Lokacin da dala ta kai wajen naira 1,500 a 2024, bindigar dala 400 ta zama ta naira dubu 600 kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastam da ribar dillali da harsashi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Zomo nawa mutum zai harba kafin ya mayar da wannan kuɗi?

Hujjarsu mafi ƙarfi, wadda ɗaya ɓangaren ke shan wahalar amsawa, ita ce ta daji. An ƙera bindigar farauta mai sakata ne don manyan namun daji a fili mai faɗi, barewa daga nisan mita 150 ko 200. Ƙasar Danja ba haka take ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye, tsakaninsu mata masu itace da yara masu kiwo. Abin da ya rage na nama ƙanana ne: zomo, gafiya, kurege, zabo, fakara, sai birin da ke ɓarna a masara. Harsashin irin wannan bindiga idan ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita 3, ko ƙaramin nan mai lamba .22 yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Dalmar bindigar toka kuwa bayan 'yan mitoci goma-goma ƙarfinta ya ƙare. Gajartar zangonta, wadda ake yi mata gori a kai, ita ce ke kare mai noma a gonar gaba. Dazukan da ake zuwa neman babban nama a da, irin Kogo ta wajen Faskari da Rugu da Kamuku ta Birnin Gwari, 'yan bindiga sun hana shiga, ga kuma dokar kare namun daji da ta hana farauta a gandun gwamnati tun asali.

Wasu dattawan suna ƙara da cewa ɗan naman da ya rage ya rage ne don bindigar ba ta da sauri. A ba kowane saurayi wadda ba ta kuskure, cikin rani kaɗan ba za a ƙara jin kukan zabo ba.

Inda masu ta kamfani suka ja da baya, da inda suka tsaya

Masu gaskiya a cikinsu sun amince cewa mai sakata ba ta dace da gonakin Danja ba. Sai su ce darasinta suke so a ɗauka, ba ita kanta ba, kuma abin da suke nufi a aikace shi ne mai baki ɗaya ta kamfani, irin Baikal da ake yi a Izhevsk ta Rasha, wadda maharban Afirka ta Yamma suka daɗe da saninta. Ita ma ƙananan dalma take watsawa, zangonta gajere ne kamar na ta toka, amma bututunta gwadadde ne, ɗurin harsashinta a aune yake daga masana'anta, raɓa ba ta hana ta tashi, kuma ana iya karya ta a ga ko akwai harsashi a ciki kafin a shiga gida da ita. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a gidan da yara suke. Bindigar toka da aka ɗura ba a harba ba, haka ake jingine ta a ɗure, domin sauke ɗurin wahala ne.

Kan batun ƙarewar nama, amsarsu ita ce bindigar da ba ta da saiti ba ta ceton dabba, raunata ta take yi ta gudu ta mutu a rami, maharbi bai samu ba, daji bai samu ba. Abin da ke ƙarar da nama, a ganinsu, shi ne ƙona daji da farautar gayya da karnuka da sare itatuwa, ba irin bindigar da ke hannun mutum ɗaya ba. Kan Remington kuma suna cewa an iya kiran bindigogin nan ne domin kowace tana da lamba, an san ranar da aka yi ta. Maƙerin da ya gano ƙarfen da ya yi aiki da shi bara ba shi da kyau ba shi da hanyar sanar da duk waɗanda suka saya.

Akwai wani abu da ke ƙarƙashin wannan gardama wanda kowa ya sani: tsaro. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makami su kare kansu, a watan Oktoba na 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Masu ta maƙera kan tuna da maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Maiha da Mubi daga Boko Haram a ƙarshen 2014. Amma a nan ya kamata a faɗi gaskiya ga ɓangarorin biyu. Ko ta toka, ko mai baki ɗaya, babu wadda aka yi don tunkarar mai AK-47 da harsashi 30 a gida ɗaya. Wanda ya sayi bindigar farauta da tunanin ta zama garkuwar ƙauye ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba, kuma cakuɗa farauta da aikin sa-kai ya jawo wa maharba zargin da suke fama da shi yau.

Abin da doka ta ce

Duk wannan muhawara tana tafiya ne cikin shingen dokar bindigogi ta 1959, wadda ta kasa makamai gida uku. Na soja, har da Lee-Enfield mai lamba .303 da ƙananan bindigogin hannu, haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta ƙirar kamfani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuwa an bar lamarinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wannan rabo yana da tushe tun kafin Najeriya ta zama ƙasa: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa tsofaffin masu albarushi. Wato ba zaɓin maharbin Hausa kaɗai ba ne ya sa ya tsaya kan bindigar toka, an tsara hakan ne daga sama.

A watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Idan ƙofar halal ta ƙuntata, abin da ke yawo a kasuwa na sumoga ne. A 2017 kaɗai Hukumar Kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu, akasari daga Turkiyya. Mai sayen irin wannan ba shi da tabbacin an gwada ta, ba shi da takarda, kuma ɗauri na jiransa idan aka kama shi. Duk fa'idar da masu son ta kamfani suka lissafa ta dogara ne ga samunta ta hanyar da ta dace.

Auna hujjoji

Idan aka ɗora su a sikeli, masu ta kamfani sun yi nasara a batun lafiyar mai harbi, kuma nasarar ba ƙarama ba ce. Babu gwanintar maƙeri da za ta maye gurbin gwajin bututu, kuma tarihin bindigogi masu sakata ya nuna ana iya rage farashi ba tare da an sayar da hannun mai amfani ba. Masu ta maƙera kuma sun yi nasara a kuɗi da gyara da dacewa da irin dajin da ya rage. Mai sakata, duk ingancinta, amsa ce ga tambayar da maharbin Danja bai yi ba.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne hanyar tsakiya da babu mai bin ta. Dokar 1959 ta ba da damar a ba maƙeri izinin ƙera da gyara masu ɗuri ta baki. Najeriya tana da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, tana da cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021. Ba abin da ya gagara ba ne a yi wa maƙeran rajista, a samar musu da bututu gwadadde, a buga wa kowace bindiga lamba, a haɗa ta da sunan mai ita ta hannun Sarkin Baka da hakimi. Kisan gillar da aka yi wa matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, maharba da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu, ya nuna irin halin da mai wannan sana'a yake ciki idan ya bar inda aka san shi. Babu takardar da za ta wanke waɗanda suka yi kisan, kuma ba lallai takarda ta tsayar da taron da ya fusata ba, amma maharbin da hukuma ta san shi da lambar bindigarsa ya fi wanda ba shi da shaida sai bakinsa.

Masu adawa da wannan shawara su ma suna da abin faɗa. Jami'an tsaro na tsoron cewa maƙerin da aka ba ƙarfe mai kyau da izini, gobe zai iya ƙera wa ɗan fashi abin da ya fi na farauta, kuma an sha kama masu ƙera makamai a ɓoye a jihohin Arewa. Maƙeran kuma na tsoron rajista ta zama jerin sunayen da za a bi a kama su ranar da gwamnati ta canza ra'ayi. Muddin ba a warware wannan rashin yarda ba, maharbin da ke da kuɗi da haƙurin bin layin lasisi, idan ana bayarwa, zai fi samun kwanciyar hankali da mai baki ɗaya ta kamfani, wanda ba shi da su kuma zai ci gaba da komawa wurin maƙerin da ya sani, ya duba bututun da idonsa, ya rage ɗuri.